Yadda Ake Sayen Abincin da Babu Kayan Dabba a Cikinsa a Kantunan Birnin Kebbi

Tun lokacin da wata ƙanwata ta dawo daga karatu ta sanar da mu cewa ta daina cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, ni na koma mai raka ta sayayya, kuma daga nan mutane suka fara tuntuɓata da tambaya iri ɗaya: me za a iya ɗauka a babban kanti wanda babu nama, babu kifi, babu ƙwai, babu madara, babu man shanu, babu zuma a cikinsa? Masu tambayar kala-kala ne. Akwai uwargidan da maigidanta ya kawo mata baƙo daga wata ƙasa, akwai masu yi wa ƙasa hidima da suka fito daga sansanin Dakingari aka turo su cikin gari, akwai kuma wanda nono ke ɓata wa ciki yana neman abin da zai maye gurbinsa. Turawa na kiran mai irin wannan cima "bigan". Maganar ba ta shafi haramta abin da Allah ya halatta ba. Zaɓi ne na mutum, kuma wanda zai ciyar da shi yana bukatar sanin abin da zai saya.

Mafi yawan abin da muke ci kullum a Kebbi dama daga ƙasa ya tsiro. Inda ake zamewa shi ne abin da ke cikin leda da kwali da gwangwani, domin a nan ne madara da kitse suke ɓuya.

Mataki na 1: Ku san iyakar mai ci kafin ku bar gida

Idan wani za ku saya wa, ku tambaye shi kai-tsaye ko yana shan nono, ko yana cin ƙwai, ko yana shan zuma. Mutane da yawa suna haɗa mutum biyu daban a wuri guda: wanda ya bar nama da kifi kawai amma yana shan fura da nono, da wanda ya bar komai na dabba har da zuma. Wannan jagora ta mutum na biyu ce. Ku rubuta abin da za a dafa na mako guda, sannan ku fitar da jerin kayan sayayya daga ciki. Ku tafi da waya mai caji, saboda rubutun bayan leda ƙanana ne ƙwarai, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki hotonsa a faɗaɗa shi. Zuwan farko yana cin lokaci, don haka a zaɓi hantsi ko bayan azahar, lokacin da kanti ba ya cika.

Mataki na 2: Ku koyi karanta bayan leda

Wannan shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, kuma wanda ya iya shi ba ya bukatar kowa ya ba shi sunayen kaya. Kada ku tsaya kan hoton da ke gaba. Ku juya kayan ku nemi wurin da aka rubuta ingredients, wato jerin abubuwan da aka haɗa. Ana jera su ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci, saboda haka dole a karanta har ƙarshe, domin abin da ake gudu yakan zo a layin ƙarshe.

Da yake da Turanci ake rubutun, ga kalmomin da za ku haddace. Na ɓangaren madara su ne milk, skimmed milk, whey, casein, caseinate, lactose, butter, cream da cheese. Na ƙwai su ne egg da albumen. Na nama da kifi su ne beef, chicken, animal fat, tallow, fish, crayfish da shrimp. Sai honey, wato zuma, da gelatin, wanda ake samu daga fata da ƙasusuwan dabbobi, ake kuma saka shi a alawa mai danƙo. Wasu sinadaran da lamba mai farawa da harafin E ake rubuta su, kuma akwai lambobi uku da suka cancanci a riƙe: E120 jan launi ne da ake samu daga wani ƙwaro, a wasu kayan a rubuta shi carmine, E901 kakin zuma ne, E904 kuwa wani ƙaro ne da ƙwaro ke fitarwa, ana shafa shi a alawa don ta yi sheƙi. Lambobin E471 da E631 ana iya samo su daga tsiro, ana kuma iya samo su daga dabba, don haka mai tsanantawa yakan ajiye kayan sai idan kamfani ya bayyana cewa na tsiro ne.

A kula: tambarin halal ba ya nufin babu kayan dabba. Abin da yake nufi shi ne babu abin da shari'a ta hana, kuma madara da kitsen saniyar da aka yanka halal ne. Haka nan kalmar vegetarian, wadda ake kiran wanda ya bar nama da kifi kawai da ita, tana barin madara ta shiga. Kalmar vegan, wato bigan, ita ce kaɗai ke kore komai. Kayan da suka fito daga Indiya sukan zo da koren ɗigo a cikin koren murabba'i, kuma shi ma alamar babu nama ce, madara na iya kasancewa a ciki.

Za ku kuma riƙa ganin jimlar da ta fara da may contain, sai a ambaci madara ko ƙwai. Ma'anarta ita ce an sarrafa kayan a masana'antar da ake aiki da madara, ɓurɓushi na iya shiga ba da niyya ba. Yawancin masu wannan cima ba sa damuwa da hakan. Amma wanda jikinsa ke yin borin madara ko na ƙwai, wannan gargaɗi nasa ne, ya bar kayan. Kafin ku jefa komai a kwando, ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi.

Mataki na 3: Ku fara da hatsi

Nan babu wahala. Shinkafa, ko ta gida ce ko wadda aka sarrafa a masana'antun Argungu da Birnin Kebbi, tsiro ce zalla. Haka gero, dawa, masara, alkama, acca, garin kwaki, garin semo da fulawa. Taliya da makaroni da kuskus na leda yawanci alkama ce da ruwa, sai dai a duba wadda aka rubuta egg a jikinta. Taliyar yara mai zuwa da 'yar ledar kayan ɗanɗano ita ce ke bukatar lura: sau da yawa taliyar kanta ba ta da matsala, amma garin da ke cikin 'yar ledar mai ɗanɗanon kaza ne, sai a karanta, idan an ga kaza ko kifi a ajiye garin a haɗa nasa yajin.

Mataki na 4: Abin da zai tsaya a madadin nama

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya cire nama daga kwanonsa bai saka komai a gurbinsa ba, ya wuni kan shinkafa da mai da yaji, bayan wata biyu ya fara kukan kasala. Saboda haka wannan sashe ya kamata ya ci kaso mai kyau na kuɗinku. Busasshen waken suya yana ɗauke da sinadarin gina jiki kimanin giram 36 a cikin kowane giram 100, gyaɗa tana da kimanin 25, farin wake kuma kimanin 23. Ku sayi wake, waken suya, gyaɗa, ridi, agushi, da gurjiya wadda wasunmu ke kira kwaruru. Idan aka haɗa hatsi da wake a yini guda, kamar shinkafa da wake ko kunu da ƙosai, kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa, kuma iyayenmu sun daɗe suna yin haka.

A cikin kanti za ku samu dafaffen wake na gwangwani mai ruwan tumatir, da koren wake, da masara mai zaƙi, kuma galibi babu kayan dabba a cikinsu, illa wanda aka haɗa da nama aka kuma rubuta hakan a gaba. Niƙaƙƙiyar gyaɗa ta kwalba da ake shafa wa burodi tana da kyau, amma wasu kamfanoni suna zuba mata zuma ko madara. Wanda ke da mai yin ƙuli-ƙuli a unguwarsu ya sayi tunkuza a wurinta, ta fi araha nesa ba kusa ba. Awara ita ce sarauniyar wannan sashe, kuma ba kasafai ake samunta a kanti ba, sai a wurin masu suya.

Gargaɗi: masu awara da yawa suna tsoma ta a ruwan ƙwai kafin suya, kuma wasu suna zuba dunƙule mai ɗanɗanon kaza a cikin ƙullun. Ku tambaya cikin ladabi, "Inna, wannan da ƙwai aka soya?", ko ku ce a ajiye muku ɗanya ku soya a gida. Alale ma haka, domin akan saka masa kifi ko ƙwai. Game da gyaɗa, kada ku sayi wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci, saboda fumfunar tana haifar da guba mai cutar da hanta. Waken da ke warin maganin ƙwari shi ma a bar shi.

Mataki na 5: Mai, kayan miya da maganar dunƙule

Man gyaɗa, manja, man waken suya, man ridi da man zaitun duk na tsiro ne. Man shanu da kakiɗe ne ake bari. Bota ta roba da ake shafa wa burodi tana yaudarar mutane, domin an rubuta cewa daga man tsiro aka yi ta, alhali da yawa daga cikinta akwai ɗan ruwan madara a ciki. Ku nemi whey ko milk a jerin. Bama, wato farin man da ake zuba wa salak, da ƙwai ake yin sa, sai a maye gurbinsa da man zaitun da lemon tsami, ko a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, wanda a nan muke ce wa datu.

Tumatirin gwangwani da na leda, kori, tayim, citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa da barkono ba su da matsala idan su kaɗai ne. Tumatirin da aka haɗa da kayan ɗanɗano don dafa-duka shi ne za a karanta bayansa. Kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, zogale, rama da yakuwa kuwa a kasuwa suka fi kyau, haka albasa, wadda Aliero ta wadata mu da ita.

Sai dunƙule, wanda a kansa ne aka fi samun saɓani a gidaje. Mai hoton kaza, da mai ɗanɗanon naman shanu, da mai ɗanɗanon jatan lande, duk a ajiye su sai an karanta, domin akan saka musu kitse ko garin nama ko na kifi. Wanda ba shi da hoton komai ma a karanta shi, kada a ɗauka cewa rashin hoto shaida ce. Farin magi kuwa, wanda lambarsa E621, daga rake ko rogo ko masara ake samar da shi, don haka ba kayan dabba ba ne. Amma shawarata ta gaskiya ita ce a koma ga daddawa. Mu mutanen Kebbi mun saba da busasshen kifin Yauri da na Argungu a cikin miya, kuma ɗanɗanonsa ne ake kewa idan aka cire shi, fiye da naman kansa. Daddawar kalwa mai kyau, ko daddawar batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa, idan aka daka ta da albasa da citta aka fara soya ta a mai kafin a tsaida ruwa, tana ba miyar kuka nauyin da mai ci ba zai tambayi ina kifi ba. Albasar da aka soya a hankali har ta yi ja ita ma tana ƙara wannan armashi. A sayi gishirin leda mai sinadarin aidin, domin wanda ya bar kifi da madara ya rasa manyan hanyoyin samun sa, kuma ƙarancinsa ne ke kawo maƙoƙo.

A kula: idan tukunya ɗaya ake yi wa gida, a ɗebi miyar mai wannan cima kafin a zuba romo ko kifi. Tsame nama daga miyar da ta riga ta dahu da shi ba ya mai da ita ta tsiro, kuma man shanun da ake yaryaɗawa a kan tuwo a bari kowa ya zuba nasa.

Mataki na 6: Kayan karin kumallo

Layin kayan shayi shi ne mafi haɗari a kanti duka. Ganyen shayi, kofi zalla, garin koko na cakulan zalla da sukari babu damuwa. Milo yana da madara a cikinsa, haka kofi da kastad da ake haɗawa uku a leda ɗaya. Kastad na asali garin masara ne da launi da ƙamshi, sai wanda aka rubuta mai madara ne. Garin ots zalla yana da kyau. Golden Morn da masara da waken suya aka yi shi, amma shi ma a duba bayansa, domin kamfanoni suna sauya haɗi. Hatsin kwali irin su kwanfilas akan ƙara musu bitamin D3, wanda yawanci daga maiƙon gashin tumaki ake samo shi, kuma masu tsanantawa suna guje masa.

Akwai tarko uku a nan da suke kama har masu ilimi. Na farko shi ne madarar gari mai araha da aka rubuta cewa tana da man tsiro: madarar saniya ce aka cire mata maiƙonta aka zuba na tsiro, saboda haka madara ce. Na biyu shi ne farin garin da ake zuba wa kofi mai rubutun non-dairy, wanda sau da yawa yake ɗauke da caseinate, shi kuwa daga madara yake. Na uku shi ne madarar waken suya ta kwalba. Wasu ana haɗa su da garin madarar shanu don su yi garɗi. Ƙanwata ta sha irin wannan kusan mako biyu kafin mu lura, kuma laifin namu ne da muka tsaya kan hoton waken da ke gaba.

Madarar almon da ta ots ta kwali da ake shigowa da su daga waje suna da tsada sosai, kuma ba kullum ake samunsu ba. Wadda za a yi a gida ta fi. A jiƙa kofi ɗaya na waken suya awa 8 zuwa 12, a murje a zubar da ɓawon, a markaɗa da ruwa kofi 7, a tace da ƙyalle mai tsabta, sannan a ɗora a wuta ya tafasa na minti 20 ana juyawa. Gargaɗi: kada a sha ba tare da wannan tafasar ba, domin ɗanyen waken suya yana ɓata ciki, kuma a tsaya kusa da tukunyar saboda yana tasowa ya zube kamar nono. A zafin Kebbi, in babu firji, a yi wanda za a shanye a ranar. Kunun aya da dabino da kwakwa, da kunun gyaɗa da aka yi da tsamiya, su ma suna cike wannan gurbi, muddin ba a ƙara musu madara ba.

Burodi kuwa sai an yi tambaya, domin da yawa daga gidajen burodinmu ba sa rubuta abin da suka haɗa, kuma mai laushi da zaƙi yawanci yana da bota da madara, wani lokaci har da ƙwai. Idan mai sayarwa bai sani ba, gara a koma ga ƙosai ko ɗumamen tuwo.

Mataki na 7: Kayan ƙwalama da na sha

Dabino, aya, soyayyar gyaɗa, yazawa, ƙuli-ƙuli, daƙuwa, soyayyar ayaba ta leda, goruba da magarya duk suna shiga kwando ba tare da dogon bincike ba. Biskit da kek da cincin da cakulan mai madara a ɗauka suna da madara ko ƙwai har sai rubutu ya nuna akasin haka. Baƙin cakulan da busasshen biskit maras zaƙi ne aka fi samun dacewa da su. Gugguru na leda akan zuba masa bota, kantun ridi kuma wasu da zuma suke ƙulla shi. Zoɓo, tsamiya, ruwan 'ya'yan itatuwa na kwali da mafi yawan lemon kwalba ba su da matsala, sai wanda aka haɗa da yogot ko madara.

Mataki na 8: Ku biya ta kantin magani

Wannan mataki ba na zaɓi ba ne ga wanda zai daɗe a kan wannan cima. Bitamin B12 ba ya samuwa ta hanyar da za a dogara da ita a cikin hatsi ko wake ko ganye ko daddawa. Babban mutum yana bukatar kimanin maikirogiram 2.4 a rana, kuma da yake hanta tana ajiye shi na shekaru, mutum zai daɗe yana jin garau kafin alamu su bayyana: gajiya, ƙarancin jini, da jin kamar ana tsira masa allura a tafin hannu da ƙafa. Idan aka yi sakaci, illar da yake yi wa jijiyoyi tana iya zama ta dindindin. Ku nemi ƙwayar B12 a wurin ƙwararren mai haɗa magunguna, ya faɗa muku yadda za a sha. Don ƙarin jini, a riƙa cin wake da zogale tare da tumatir ko lemo ko gwaiba, a kuma jinkirta shayi da kamar awa ɗaya bayan cin abinci, domin shayi yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke ɗauka. Ridi da kuka da zogale suna taimakawa wajen sinadarin ƙarfafa ƙashi.

Gargaɗi: mai juna biyu, mai shayarwa da ƙananan yara kada su shiga wannan tsari sai da shawarar likita, kuma madarar waken suya ta gida ba ta maye gurbin nonon uwa. Haka nan kada wani ya daina shan maganin da likita ya rubuta masa don ya ji cewa kwanson kafso da gelatin ake yin sa. Ya tambaya ko akwai na ƙwaya, in babu ya sha wanda aka ba shi.

Mataki na 9: Lissafin kuɗi da ajiya

Mutane suna zaton wannan cima ta masu hali ce, kuma tana zama haka ne kawai idan aka ce komai sai daga kanti. Ku raba jerinku gida biyu. Shinkafa, wake, waken suya, gyaɗa, ridi, daddawa da ganyaye a auno su da kwano a babbar kasuwar Birnin Kebbi ko ta Jega, musamman da kaka lokacin da farashi ke sauka. Kanti a bar shi don taliya, tumatirin gwangwani, mai, gishiri, ganyen shayi da sauran abin da ake bukatar ganin rubutunsa. Idan kuna kwatanta kaya biyu, ku raba farashin kowanne da nauyinsa na giram, domin 'yan ƙananan ledoji suna da sauƙin saye amma sun fi tsada idan aka tara. Duk kayan da aka buga wa kalmar vegan da manyan baƙaƙe aka shigo da shi daga waje, a duba ko babu irinsa na gida. Sau da yawa kuɗin kwali ɗaya zai sayi waken suyan da zai yi madarar kwanaki masu yawa.

Idan an dawo gida, a shanya wake a rana ya bushe sosai, a zuba shi a jarka mai murfi a toshe ta yadda iska ba za ta shiga ba, hakan yana kashe ƙwari ba tare da an zuba magani ba. Gyaɗa da ridi a ajiye su inda babu danshi, musamman da damina. Abin da ya rage a gwangwanin da aka buɗe a juye shi cikin roba mai murfi. Sannan duk kayan da kuka karanta kuka tabbatar da shi, ku ɗauki hoton gabansa da bayansa ku adana a waya, ku kuma sake duba rubutun bayan 'yan watanni ko duk lokacin da kuka ga an sauya launin ledar.